Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Kan Halin Da Fatauci Ya Shiga A Iyakar Jibiya Da Maraɗi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina,
Ta hannun Mai Girma Hakimin Jibiya.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanku ne, ƙananan 'yan kasuwa da dillalan dabbobi da direbobi da 'yan dako, waɗanda abincinmu yake tsakanin Magamar Jibiya da Ɗan Isa da ke Jamhuriyar Nijar. Mun kawo kuka fada domin babu wanda ya fi masarauta sanin cewa mutanen tsallaken iyakar nan ba baƙi ba ne. Daga Katsina aka tashi aka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Ingila da Faransa ne suka shata layin a 1898, suka sake gyara shi a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba a shawarci kakanninmu ba. Duk da haka ba jayayya muke yi da iyaka ba, ranka ya daɗe. Kowace ƙasa da ikonta. Kukanmu a kan yadda ake tafiyar da ita ne.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta sa takunkumi, aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. Manyan masu shigo da kaya suna da jarin da za su jira, ko su sauya hanya. Mai buhu biyar na wake ko mai tumaki goma ba shi da wannan. Jarinsa ya cinye, ya koma cin bashi, wasu samarinmu kuma suka koma bin ɓarauniyar hanya cikin daji da babur, a yankin da kowa ya san halin tsaron da yake ciki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na yanzu. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Tsarin da muka dogara da shi tun 1979, wanda ya yafe wa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu kuɗin fito, yanzu a kan alkawarin wucin gadi yake tsaye, domin ECOWAS cewa ta yi za a ci gaba da shi har sai an ji sanarwa ta gaba. A can kuma ƙasashen uku sun sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigo masu daga waje tun Maris ɗin 2025. Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa wajen ƙawancen ƙasashen uku a Oktoban 2024, ta kuma dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Ba mu ce ba su da dalili ba, kowace gwamnati cikin mutanenta take dubawa. Amma ɗan kasuwa yakan ɗauko kaya da doka ɗaya, kafin ya iso bakin iyaka wata ta fito. Kuma duk inda ba a san ƙa'ida ba, mai tsaron shinge ne ke zama ƙa'ida. Direbobinmu suna tsayawa a shinge bayan shinge, ana karɓar kuɗin da babu rasiti, wanda ya tambayi dalili a ajiye motarsa a rana har kayan gwari su lalace.

Ranka ya daɗe, tushen matsalar shi ne ma'auni ɗaya ake yi wa matar da ta ɗauko kwanon gyaɗa daga ƙauyen mijinta zuwa kasuwar ƙauyen iyayenta da wanda ya cika tirela da kayan da suka sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano. Wasu wurare sun raba waɗannan biyun. Tsakanin Kenya da Uganda, kayan yankin da ba su wuce dala 2,000 ba takarda ɗaya mai sauƙi ake cike masu a bakin iyaka su wuce. Ko Ireland ta Arewa, da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta jefa cikin ruɗani, a 2023 an ware wa kayan da za a yi amfani da su a cikin yankin hanya mai sauƙin bincike, daban da ta waɗanda za su zarce zuwa Tarayyar Turai. Su ma sun yi ta sa-in-sa ta siyasa, amma ba su bar kasuwa ta mutu suna jiran a shirya ba.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya kai maganarmu ga Gwamnan Jihar Katsina da wakilanmu a Majalisar Tarayya, a nema mana irin wannan tsari: a yanke adadin kayan da za a ɗauka a matsayin na ƙaramin ɗan kasuwa, a yi wa mazauna iyaka katin shaida wanda dagatai da masu unguwanni za su tabbatar, tunda su suka san kowa. A rubuta abin da ake biya da wanda ba a biya da Hausa, boko da ajami, a kafa a Magama inda kowa zai gani. In kuma za a hana fitar da wani kaya, a ba da wa'adi.

Akwai wurin da za a kai wannan magana ba tare da an jira ECOWAS ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, hedikwatarta a Yamai. Sannan akwai abin da fada kaɗai za ta iya: a tuntuɓi Sarkin Katsinan Maraɗi, sarakunan biyu su kira shugabannin kwastan na nan da na duwan na can da wakilan 'yan kasuwa, a riƙa zama lokaci-lokaci ana warware ƙananan rigingimu tun ba su kai Abuja da Yamai ba.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma mun yi murna da shi. Muna fata a daidaita maganar awon kaya kafin a gama aikin, don kada ya zama na manyan 'yan kasuwa su kaɗai.

A shirye muke mu turo wakilai fada su yi bayani baki da baki duk ranar da aka ba mu. Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanku masu biyayya,
Ƙananan 'yan kasuwa, dillalan dabbobi, direbobi da 'yan dako na iyakar Jibiya.