Daga Katsina Zuwa Titin Gaskiya: Tarihin Kwalejin Barewa Ga Iyayen Ɗalibanmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Duk shekara idan aka ɗauki sababbin 'yan aji ɗaya akan rarraba su gidajen kwana. Yaro zai zo hutu ya ce shi ɗan gidan Mort ne ko na Bienemann, mahaifinsa ya tambaye shi ko wane ne haka, sai ya yi zuru. Shi ya sa muka ware wasiƙar wannan zango don mu ba ku tarihin makarantar da kuka damƙa wa amanar 'ya'yanku.

Ba a Zariya aka haifi wannan makaranta ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Katsina gari ne da ya daɗe da suna wajen karatu, hasumiyar Gobarau ma shaida ce, ga kuma sarki mai maraba da sabon abu. Shugabanta na farko shi ne Bienemann. Manufar da aka kafa ta a kai ƙarama ce idan aka kwatanta da sunan da ta yi daga baya: a horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Akan zaɓo yara ƙalilan daga Sakkwato, Kano, Borno, Bauci, Ilori da sauran larduna, su yi shekara biyar, sannan kowa ya koma lardinsa ya kama alli.

Muna so iyaye su lura da wannan sosai, domin shi ne abin da aka fi mantawa. Idan ana zancen Barewa, sunayen shugabannin ƙasa ake fara jerowa, amma na farkonsu duk da aikin malanta suka soma. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, ya gama a 1931, ya koma makarantar Midil ta Sakkwato yana koyarwa tun kafin a naɗa shi Sardauna. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933 ya zama malami a Midil ta Bauci, ya daɗe a aji kafin siyasa ta kira shi. Malam Aminu Kano ma a Bauci ya fara koyarwa. Alhaji Shehu Shagari ya shafe shekaru yana malanta a lardin Sakkwato. Shi kansa Abubakar Imam, wanda ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai da ya koyar a Katsina tukuna. Don haka idan ɗanku ya ce yana sha'awar aikin koyarwa, kada ku ɗauka ya rage wa kansa buri. Ta wannan ƙofar manyan suka bi.

A 1938 aka ɗauke makarantar daga Katsina aka kai ta Kaduna, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. Mort ne shugaba a wancan lokaci. Tsohon ginin ƙasa na Katsina yana nan har yanzu, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi, kuma duk wanda hanya ta bi da shi Katsina ya kamata ya leƙa da yaronsa. Zaman Kaduna bai yi tsawo ba. A 1949 aka dawo da ita Zariya, nan inda muke a kan titin Gaskiya, maƙwabtaka da kamfanin ɗab'in da titin ya ari sunansa. An fara kiranta Sakandaren Zariya, a 1956 ta koma Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa, dabbar da ke jikin bajen da yaranku ke maƙalawa. Yau gwamnatin Jihar Kaduna ce ke riƙe da ita.

Da zuwanta Zariya ta riga ta tashi daga gidan horar da malamai zalla ta zama cikakkiyar sakandare, ƙofarta kuma ta buɗe ga 'yan Arewa Musulmi da Kirista. Yakubu Gowon daga nan Wusasa ya shigo, Murtala Muhammed daga Kano, dukansu kuma soja suka shiga bayan sun gama. Haka aka yi ta samun hafsoshi daga cikin ɗalibanta, abin da ya sa daren juyin mulkin soja na 15 ga Janairun 1966 ya zama baƙin dare a tarihinmu. Cikin waɗanda aka kashe a juyin mulkin, ban da Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam duk tsofaffin ɗalibanta ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Idan aka haɗa da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zo karatun share fagen jami'a a farkon shekarun 1970, mutum biyar ke nan da suka shugabanci Najeriya suka zauna a azuzuwanta. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar su ma a nan suka yi karatu.

To mu koma kan gidajen kwanan da mutanen da aka sa musu sunayensu. Clifford da Lugga gwamnoni ne na zamanin mulkin mallaka. Ɗan Hausa laƙabin Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano kafin a yi ta Katsina. Bienemann da Mort kun riga kun ji su. Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse malamai ne da suka koyar tun a Katsina, mu kuwa a ganinmu waɗannan biyu sun fi cancanta yaro ya san su, domin su ne suka tabbatar wa iyayen wancan zamani cewa ɗa zai iya yin boko bai rabu da addininsa da tarbiyyar gidansu ba. Gidan Ja'afaru sunan Sarkin Zazzau ne da ke kan gado lokacin da makarantar ta iso Zariya. Sulaimanu Barau kuwa tsohon ɗalibin Katsina ne, malami, wanda ya zama Sarkin Abuja ta dā, wato Suleja ta yau.

Akwai wata al'ada da ba ta yanke ba duk da wannan ƙaura daga gari zuwa gari. Kowane ɗalibi yana da lambar shiga wadda ke bin ta na gabansa tun daga rukunin farko. Ta Sardauna 87 ce, ta Tafawa Ɓalewa 145, ta Gowon 783. Tsofaffin ɗalibai a ƙungiyarsu ta BOBA da lambar nan suke gane wane ne yaya, wane ne ƙane, ko da ƙanen ya fi muƙami. A 2021 makarantar ta cika shekara 100, lissafin kuma bai tsaya ba. Ku tambayi yaronku tasa lambar, ku tambaye shi ma'anar taken makaranta, Man jadda wajada, ku ji ko zai iya faɗa muku.

Muna da roƙo guda. Da yawa daga cikinku 'ya'ya ne ko jikokin waɗanda suka yi karatu a nan. Idan akwai tsohon hoto, takardar sakamako, baje ko littafin rubutu na wani tsohon ɗalibi a cikin akwatin gidanku, ku taho da shi ranar ziyara ku miƙa a ofishin shugaban makaranta. Za mu ɗauki hotonsa mu mayar muku da abinku nan take, malaman tarihi kuma su yi amfani da shi a aji.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Hukumar Makaranta