Dan Allah ku leƙa mana 'yan diramar dandamali

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan tamu, wani abu na gani anan Ingila da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Ina zaune a Leeds ne, kuma akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da ta dame ni sai na sayi tikitin wasansu, fam goma, wai ƙungiyarsu ta 'yan wasan sa kai zata yi abin da suke kira miyuzik hol irin na da. Ni dai kunya ce ta sa na saya, don ita ke karɓar min saƙo idan bana gida. Na tafi da niyyar in ɗan zauna in sulale, wallahi sai da aka tashi dani.

Wurin ma ba wani gidan wasa bane, holin coci ne da kujerun roba da fiyano guda ɗaya. A gefen dandamali ga wani dattijo da baƙar kwat da doguwar hula zaune a ɗan teburi, riƙe da 'yar gudumar katako irin ta alƙali, shine ciyaman. Kafin kowa ya fito sai ya buga gudumar ya hau yi masa kirari da wasu manya-manyan kalmomin turanci da babu mai amfani dasu, duk kalmar da ya saki sai jama'a su amsa da uuuu kamar sun ji abin mamaki, ni kuwa nace a raina ai wannan sanƙira ne kawai ya sa kwat. Mai waƙa ya fito, mai barkwanci ya fito, wani ƙato da nake ganinsa yana tuƙin bas ya fito da rigar mata da jan baki. Ita kuma tsohuwar tawa, da hula mai gashin jimina, tana tsakiyar waƙa baiti ya ɓace mata, kafin ta daburce 'yan kallo sun ɗauke mata waƙar gaba ɗaya don kowa ya haddace, da ma an raba takardar amshi a ƙofa. Da aka je hutu aka kawo fai, wani gasasshen fulawa mai nama a ciki, da wake, na tambaya aka ce naman alade ne, na tsaya a shayi. Kuɗin ƙofa kuma gyaran rufin holin za'a yi dashi, babu wanda ake biya ko sisi.

Abin nan fa asalinsa daga mashaya ne, zamanin Sarauniya Biktoriya, leburori su tashi daga aiki suna ci suna sha ana musu waƙa, har wani Charles Morton ya buɗe zaure na musamman a Landan a 1852. Anan Leeds akwai zauren City Varieties da aka gina a 1865 kuma har yau tana aiki, a cikinta BBC ta shekara 30 tana ɗaukar shirin The Good Old Days daga 1953 zuwa 1983, 'yan kallo na zuwa da kayan kakanninsu, kuma kusan duk salon shirin ne ƙananan ƙungiyoyin nan ke bi. Shi kansa Charlie Chaplin, wanda ake cewa daga sunansa muka samo cali-cali, a irin waɗannan zaurukan ya fara yana yaro, yana rawa da takalmin katako. Silima da rediyo da talabijin ne suka kashe kasuwar.

Ba wai komai nasu ne ya burge ni ba. A da cikin wasannin har da masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata, BBC ma sai 1978 ta daina nuna wani shirinta na irin wannan. A daren dai ban ga ko ɗaya ba, sun zubar dashi, amma ina zaune ni kaɗai baƙi a holin ina sane. Kuma kusan duk furfura ce, matasan da na gani basu kai yatsun hannu ba, su ma da alama jikoki ne aka taso ƙeyarsu.

To Malam Edita ga inda na dosa. Ina kallonsu ina tuna kulob ɗinmu na dirama a sakandare, zanin gado ne labule, gemu kuma auduga da gam, ina tuna 'yan kama da suke jan baƙi kamar malamai alhali duk zancen tuwo da miya ne, ina tuna Samanja. Su kansu masu fim ai daga dandamali suka fito, Tumbin Giwa ƙungiyar dirama ce a Kano kafin ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990. Amma shafinku na nishaɗi kullum wace jaruma ce ta fito daga gidan miji, wa ya sayi sabuwar mota, haba. Nasan ba za'a rasa 'yan tsirarun da har yanzu suke haɗuwa da yamma a ajin firamare suna rihazal ba, a Kano ko Zariya ko Jos ko Damagaram. Ku tura wakilinku ya nemo su, ya tambaye su a ina suke wasa, wa ke basu holi, nawa suke karɓa a ƙofa, ku buga mana ranar da zasu yi na gaba. In Allah Ya kaimu ƙarshen shekara ina gida, kuma zan sayi tikiti har da na yaran yayata.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, mai karanta ku daga Leeds