Dan Allah a je a tambayi tsofaffin mata tun suna da rai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka, dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun bara. Maganar neman asalin dangi ce, musamman ga irinmu da iyayenmu suka taso a ƙananan garuruwan karkara mu kuma muka girma a birni, bamu san kowa a dangi ba sai wanda ya tako ya zo inda muke.

Daga ɗiyata abin ya faro. An basu aikin gida a makaranta wai kowa ya rubuto sunayen kakanninsa iya inda ya sani, ta zo ta same ni da littafi da biro, na faɗa mata sunan babana da na kakana da na baban kakana, daga nan na tsaya cak. Sai tace to Baba matan fa, wa ta haifi kakanka? Wallahi ban sani ba, kuma ranar ban yi barcin kirki ba. Na zauna na yi lissafi, kowane mutum iyayensa 2 ne, kakanni 4, iyayen kakanni 8, na samansu 16, in ka hau hawa 10 gurbin mutum 1,024 kenan, duk da a ƙaramin gari da yawansu mutum ɗaya ne ke maimaituwa saboda mutanen wurin junansu suke aura. A cikin 8 ɗin nan mutum ɗaya tal na sani.

Shine na ɗauki hutu a wurin aiki na tafi garin da aka haifi babana na yi kwana uku. Kamar yadda kowa zai yi, da maza na fara. Baffannina suka zauna suka jero min sunaye tar babu gargada, wane ɗan wane ɗan wane har zuwa kan mutumin da suka ce da shi aka sari garin, sunaye shida daga kakana zuwa sama. Na ji daɗi sosai na rubuta, amma da dare da na sake dubawa sai naga lissafin bai hau ba. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 30 ne, kaga sunaye shida da ƙyar su kai ka shekara 200, alhali su kansu suna cewa garin ya fi haka tsufa nesa ba kusa ba. Ba wai ƙarya suka yi min ba, haka tarihin baka yake a ko ina, kuma masana tarihi sun daɗe da lura da hakan: mutane suna riƙe sunan wanda ya kafa gida saboda shi ne abin alfahari, suna riƙe na kusa guda uku ko huɗu saboda sun gansu ko sun ga wanda ya gansu, na tsakiya kuwa sai su zube a hanya ba wanda ya lura. Ga kuma matsalar takwara, jika ya ci sunan kaka, bayan shekara ɗari sai a haɗe su a mai da su mutum ɗaya. A jerin da aka bani babu sunan mace ko ɗaya.

Ana gobe zan tafi matar baffana tace min ka shiga wajen Goggo kuwa? Ƙanwar kakana ce, ta haura shekara tamanin, idonta ya yi rauni sosai amma kanta garau. Na same ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa a kan tabarma, na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta shafa har gwiwar hannu tace wannan hannun gidanmu ne. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni bata jero min komai ba, sai ta fara da yatsu, tana lanƙwasa ɗaya ta kira sunan mace ta faɗi garin da aka auro ta da ƴaƴan da ta haifa har da waɗanda suka koma tun suna jarirai, in ta manta suna sai ta yi shiru tana ɗan buga cinyarta har ya faɗo mata. Wajen awa uku muna zaune ina ta rubutu hannuna har ya gaji na kunna rikoda a waya. A wannan zaman na samu sunan mata goma sha ɗaya da ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Can sai ta rage murya tace bari in faɗa maka abin da su baffanninka ba zasu faɗa ba. Babanta, wato baban kakana, ba a garin aka haife shi ba. Agola ne. Mahaifinsa ya rasu a wani gari yana ƙarami, uwarsa ta sake aure ta taho da shi goye a baya, mijin ya riƙe shi riƙon ɗa har aka daina tunawa, kuma sunan wannan mijin ne muke ta kira a matsayin kakan kakana. Tace daga bakin ita kakar tata ta ji, ta faɗi sunan mahaifin na ainihi da garin da aka binne shi.

Malam Edita a nan ne nake so masu karatu su tsaya su duba. Da na koma wa baffannina da wannan magana biyu daga cikinsu ransu ya ɓaci, ɗaya yace tsufa ne ya kama ta, ɗaya yace ko gaskiya ne meye amfanin tono shi. Ni kuma nace amfaninsa babba ne. Mutumin da ya ɗauki maraya ya riƙe har jikokinsa suka manta ba shi ya haife shi ba, ai wannan abin a rubuta ne a yi masa addu'a, kuma can a wani gari akwai mutanen da jininmu ɗaya da su, ba su san da mu ba bamu san da su ba. Da yawanmu in mun ce muna neman asali, wani babban suna muke nema da zamu jingina da shi, sarki ko malami ko jarumi, in aka tono manomi ko baƙo ko bawa sai a rufe littafi. Ni a ganina wanda ba zai iya rubuta abin da ya tarar yadda ya tarar da shi ba gara kar ma ya fara, dan zai bar wa ƴaƴansa ƙarya a rubuce, ita kuwa ta fi ta baki wuyar gogewa.

Maganar shekaru kuwa, tsoho ba zai ce maka an haife shi a shekara kaza ba, amma zai ce maka lokacin abu kaza ne. Goggo tace an haifi mahaifiyarta shekarar da mura ta kashe mutane, wannan annobar da ta game duniya ce a 1918 zuwa 1919. Ita kanta tace ana yaƙin Hitila tana ƙarama ko wayo bata yi ba, kaga tsakanin 1939 da 1945 kenan. Da fari da yunwa da kusufin rana da zamanin wani mai mulki, duk da su ake kafa shekara, kar ka ce ta faɗa maka lamba.

Takardu ma na nema. Wani baffana ya fito min da tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, muna buɗewa gara ta cinye rabi, abin da ya tsira rasit ɗin haraji ne guda biyar da takardar cinikin gona ɗaya mai ɗauke da dangwalen yatsa da sunayen shaidu uku, kuma ɗaya daga cikin shaidun sunansa ya zo daidai da wanda Goggo tace ƙanin kakarta ne. Wannan ya ƙara min natsuwa da maganarta. Na leƙa ofishin da ake rijistar haihuwa a yankin, abin da na gani ya sosa min rai, tsofaffin littattafai jibge a ƙasa ruwa ya taɓa wasu, kuma babu wanda ya kai zamanin da nake nema. Kar wani yace ai mu kaɗai ne, ko ƙasashen da suka daɗe da rubutu takarda ta sha basu kunya. Ingila sai 1837 gwamnati ta fara rijistar haihuwa da aure da mutuwa. A Amurka gobarar 1921 a Washington ta lalata mafi yawan takardun ƙidayar 1890, a Ayalan kuma gidan ajiyar takardun ƙasa da ke Dublin ya ƙone a 1922 lokacin yaƙin basasa, ƙidayar 1821 zuwa 1851 kusan duk ta tafi, har yau jikokinsu na fama da wannan giɓi. Shafin FamilySearch ma da ya tara biliyoyin sunaye kyauta a intanet, da suka zo Afirka mutane suka tura ƙauyuka suna zama da tsofaffi suna naɗar murya, dan sun san nan ne abin yake.

Wani abokina yace me zai sa in wahala, in tura yawu kawai a yi min gwajin DNA. Gwajin yana da amfaninsa ban musa ba, amma a san iyakarsa. Rabin halittarka daga uba rabi daga uwa, kowane kaka kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kowane hawa rabon yana raguwa da rabi har ya zama wasu kakannin nesa babu komai nasu da ya iso gare ka. Gwajin layin maza uba zuwa ɗa kawai yake bi, na layin mata uwa zuwa uwa, wato a hawa na 10 mutum biyu kenan cikin 1,024. Kuma kamfanonin nan yawancin waɗanda suka gwada Turawa ne, sai su baka kaso kaza yankin kaza, in sun sabunta ma'auninsu alƙaluman su canza. Babu injin da zai faɗa maka sunan matar da ta goyo yaro ta shigo gari da shi.

Ga mu Musulmi ma abin ba baƙo bane, Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke cewa mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da zamu sada zumunci da shi, kuma Sayyidina Abubakar an san shi da sanin nasabar Ƙuraishawa fiye da kowa. Sannan ga rabon gado da ke raba ƴan uwa dan ba a san wa ya haifi wa ba, ga cututtukan da ke bin jini kamar sikila, in miji da mata duk AS ne kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ita, sanin wa ya yi fama da me a dangi yana sa a tashi a yi gwaji da wuri.

Abin da ya fi ci min rai shine na baro Goggo da niyyar in dawo bayan wata biyu da sauran tambayoyi, aiki ya riƙe ni, wata na huɗu aka bugo min waya ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ban tambaye ta dangin mahaifiyarta ba ko kaɗan, wannan ɓangaren ya tafi da ita. Muryar da na naɗa ma saura kaɗan in rasa ta da wayar ta faɗa ruwa, Allah ya taimaka na riga na tura wa ƙanwata. Yanzu na buga komai a takarda na raba wa gida biyar, kowane suna na rubuta wa ya faɗa min shi da ranar da ya faɗa, inda Goggo da baffannina suka saɓa na rubuta duka biyun ban goge na kowa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ko zaku ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata da masu neman danginsu da suka ɓace musu zasu rinƙa aiko da abin da suka sani, wataƙila wani ya karanta ya gane nasa. Ni dai in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan tafi garin da Goggo ta ambata, da ɗiyata zan je, ita zata riƙe littafin.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu