Wasiƙa Daga Bauchi: Labarin Yaran Zaurenmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Jamus? Mu nan Bauchi sai godiya. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaya yaushe za ka leƙo gida.

Ka ce na yi ɓatan dabo a waya. Zauren gidanmu ne ya cinye min lokaci. Bayan la'asar yaran unguwa ke taruwa da littattafansu, masu shirin WAEC da NECO da JAMB, har da 'yan ajin farko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke tasowa daga Yelwa, da wasu daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji. Lissafi da fiziks muke yi, kwanan nan kuma suka tsiro da rubuta manhajar kwamfuta.

Abin da nake so ka yarda da ni a kai shi ne yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Tsoro aka dasa musu. An saba musu da haddar ƙa'ida daga allo, ba a taɓa tambayarsu me suka gani ba.

Akwai wata yarinya da ke cewa ita kanta ba ya ɗaukar lissafin kaso. Da na ji tana karatun rabon gado a Islamiyya, sai na ba ta mas'alar nan da malamai ke kira Minbariyya: mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Ba ta ko ɗaga biro ba ta jero min: mata sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi, asalin mas'ala 24. Ta haɗa rabon kowa cikin 24 ɗin, wato 3 da 16 da 4 da 4, ta samu 27, ta ce an yi auli, ma'ana jimillar ta haura asalin, rabon matar ya koma 3 cikin 27, wato tusu'i. Na ce mata to wannan 24 da kika nemo, ita ce lambar da malamin boko yake ta fama ki nemo kafin ki tara kaso da kaso. Wallahi sai da ta yi shiru na ɗan lokaci. Na ƙara mata da cewa Alkhawarizmi, wanda ya tsara aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na aikinsa a kan gado da wasiyya ya yi shi. Yanzu ita ke koya wa ƙannenta.

Fiziks kuwa bakin rijiya muke kai shi. A saki tsakuwa, a duba agogon waya. Idan ta yi daƙiƙa 2 kafin ta taɓa ruwa, zurfin ya kai kimanin mita 20: rabin 10 (ƙarin gudun da abu ke samu duk daƙiƙa yana faɗowa), sau 2, sau 2. Sai in tambaya, in da daƙiƙa 3 ta yi fa? Kusan duk zauren sai su ce 30. Amsar 45 ce, domin tsakuwar tana ƙara gudu ne tana tafiya. Ba na faɗa musu. Ina barinsu su yi ta gardama har wani ya gano, kuma wanda ya gano da kansa ba ya mantawa a ɗakin jarabawa. Haka muke yi da batirin sola: mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, fanka mai wat 60 za ta yi awa 20 a takarda. Wani yaro da babansa ke haɗa sola shi ya gyara mana, ya ce batirin ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko. Na ji daɗin wannan gyara ƙwarai.

Inda nake neman hannunka shi ne manhaja. Yaren rubuta manhaja na Python suke koya, yawancinsu a wayar Android da manhajar Pydroid, domin kwamfuta ɗaya ce a zauren. Ka tuna tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaron da sai ranar jarabawa yake fara ɗora yatsa a kan madannai. Mun rubuta 'yar manhaja da ke lissafa zubin adashi da ranar kwasar kowa, iyayensu mata har suna aiko da tambaya. To amma daga nan ilimina ya fara gajarta, su kuma tambayoyinsu sai zurfi suke yi.

Abin da ke damuna kuma shi ne kwafe. Yaro zai ɗauki hoton tambaya ya tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta zubo masa amsa, ya kawo min yana murna. In na ce ya bayyana min layi na uku, sai ido. Ban hana su amfani da ita ba, ba zai ma hanu ba. Doka ɗaya na kafa: duk wanda ya kawo tambaya sai ya nuna min abin da ya gwada da inda ya maƙale, duk wanda ya kawo amsa kuma sai ya fassara ta da Hausa, layi bayan layi, a gaban 'yan uwansa.

Don Allah ka ware mana awa guda ranar Asabar, ka shigo ta bidiyo a WhatsApp. Da hunturu agogonmu ɗaya da naku, da bazara kuna gabanmu da awa ɗaya, saboda haka bayan la'asar ɗinmu ba zai takura ka ba. Kuɗin data ni zan ji da shi. Ba lacca nake so ka yi musu ba. Ka duba abin da suka rubuta, ka yi musu tambayoyi, su ga ɗan Bauchi da ya yi wasa a lungunan Wunti yana cin abinci da wannan sana'a. In kuma akwai tsohuwar kwamfutar cinya da ofishinku ya ajiye, ka riƙe mu a zuciya.

Ka gaishe min da uwargida da yara. Ina jiran amsarka kafin Juma'a, don in sanar da su.

Naka har kullum,
Amininka na Bauchi