Wasiƙar Ƙarshen Shekara Daga Jos

Jos, Jihar Filato
Disamba, 2024

Zuwa ga aminina Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka da Hajiya da yara cikin ƙoshin lafiya, kamar yadda muke a nan. Uwargida ce ta matsa mini in zauna in rubuta, domin a cewarta gajerun saƙonnin da muke aika wa juna a WhatsApp gaisuwa ce kawai, ba su isa su ɗauki labarin gida ba. Na san Kirsimeti ba bikinka ba ne, amma shekarun da muka yi katanga ɗaya sun ba ka rabo a cikinsa, kuma kullum a wannan lokaci nake lissafin abin da ya shige.

Mun shiga wannan shekara da baƙin ciki. Ka ji labarin hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, inda aka kashe mutane fiye da ɗari. Ƙauyen su uwargida bai ƙone ba, amma tsoro ya kori kowa, sai ga ƙanwarta da 'ya'yanta sun sauka a gidanmu da abin da suka iya ɗaurewa a zane. Falo ya koma ɗakin kwana, tukunyar da ke ciyar da mu ta yi mana kaɗan. Ƙaramin ɗanta ya daɗe ba ya barci in ba a bar fitila a kunne ba, kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Sai da damina ta kankama suka koma, don dankalin Turawa ba ya jiran hankalin manomi ya kwanta. Gonar da ke nesa da gari ba wanda ya taka ta, ta kusa da gida kaɗai aka noma, taki ya yi tsada, ga cutar da ke ƙone ganye in ruwa ya yi yawa. Buhunan da muke samu daga can duk shekara, waɗanda ke rufa mana asiri wajen kuɗin makaranta, bana ko rabinsu ba su zo ba.

A watan Afrilu muka aurar da 'yarmu ta biyu. Gudummawarka ta iso a kan kari, Allah ya saka da alheri. Ƙanenka ya zo har coci, ya zauna a bencin baya har aka gama, ya ce kai ya wakilta. Mun taƙaita biki ƙwarai, wasu dangi sun yi ƙorafi, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa a ci bashin shekara don shagalin yini guda ba. Suna zaune a Bukuru, kuma in Allah ya yarda za ka sami jika kafin damina.

Maganar tsadar rayuwa ba sai na ja ta ba, tunda kana sauraron BBC Hausa. Litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,000 a watan Oktoban bana. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli, amma kuɗin ba su kai na babban buhun shinkafa ba, balle mu da ke jiran fansho. Motata tana nan a lulluɓe, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yanzu keke nake hawa, ko motocin bas na Tin City Metro da gwamnatin Gwamna Mutfwang ta fito da su, waɗanda gaskiya sun rage wa talaka raɗaɗi, ko da yake sai ka yi haƙurin layi. Zanga-zangar watan Agusta da dokar hana fita da ta biyo baya sun wuce ba tare da sun taɓa gidanmu ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Juma'a, 12 ga Yuli, da ginin wata makaranta ya rufta a Busa Buji ana cikin darasi, aka rasa rayuka 22. Autarmu ba can take karatu ba, amma labarin farko da ya iso unguwa bai zo da sunan makaranta ba, "makaranta ta faɗi" kawai ake cewa. Uwarta ta fita ko takalmi babu. Da yamma babban ɗanmu ya je asibiti ba da jini, ya dawo ya ce a layin nan ba wanda ya tambayi wani addininsa. Kai da ka ga rikicin addini na 2001 da 2008 a garin nan ka san nauyin wannan magana.

Shi babban namu ya gama bautar ƙasa, ya zaga ofisoshi da takardunsa har ya gaji, daga bisani ya shiga koyon haɗa wutar sola a wurin wani ubangida. Da farko ban so ba, ina ganin ba don hawa rufin kwano na biya kuɗin jami'a ba. Sai ga watan Oktoba, aka lalata babban layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. Zobo da kunun ayan da uwargida ke sayarwa suka lalace a firji, jarinta ya kusa karyewa, yaron nan kuwa tun daga lokacin bai huta ba, masu shaguna na layin nemansa. Shi ya ɗora mana faranti biyu a rufi, shi ya biya wa autar kuɗin jarrabawa.

Abin da na fi jin nauyin rubutawa shi ne rasuwar Inna a watan Satumba. Na gode da kiran ta'aziyya, amma a waya ban iya gaya maka yadda ta kasance ba. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina cin tuwo, sai kunun acca da cokali, kuma ta ƙi a kwantar da ita a asibiti, ta ce a ɗakinta za ta jira. Har makon ƙarshe tana sa a karanta mata Zabura daga tsohon Littafi Mai Tsarki nata, fassarar 1932, wanda ta zo da shi daga ƙasar Malumfashi, bangonsa ɗinke da zaren buhu. Sabuwar fassara ba ta shiga kunnenta, in jikokinta suka ɗauko ta sai ta ce su ajiye. Ta tambaye ka, da sunan nan da take kiranka, ta ce ko Bature ya hana ka zuwa gida. A nan Jos muka binne ta bisa wasiyyarta, 'yan Zumuntar Mata suka yi mata waƙoƙi, mutanen gidanku kuma suka zauna makoki tare da mu har aka tashi. Ban iya buɗe ɗakinta ba tukuna.

Yanzu hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe duwatsun Shere, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, ko da yake na san za ka ce sanyin Jos wasa ne a kan na Ingila. Shirin biki bana daidai ruwa daidai tsaki ne. Akuya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka magidantan layinmu muka haɗa kuɗi za mu yi watanda, kuma kamar kullum mahaucin nan na bakin masallacinku ne zai yanka, domin kwanon da za a kai gidanku ya ciwu ba tare da shakka ba. Naman layya ya zo mana daga wurinsu a watan Yuni, ba za mu bari a ce mun gaza ba. Uwargida ta sayo tumatir da kabeji a Farin Gada, an soya cincin, autar kuma kullum tana wurin koyon waƙoƙin Kirsimeti. Ƙanwar uwargida ta ce a ƙauye za su yi bikinsu, ba za su sake gudu ba. Mun roƙe ta ta turo yaran ko na mako guda ne, har yanzu ba ta amsa ba.

Game da gidanka, na duba rufin ɗakin baya kamar yadda ka nema. Kwano uku sun ci tsatsa, gara a canja su kafin ruwan Afrilu, kuma ɗan hayar ya yarda a cire kuɗin daga hayarsa idan ka amince. Ka sanar da ni. In har zuwan da kake shiryawa bayan azumi ya tabbata, ka faɗa mana da wuri, kuma ka biyo hanyar Akwanga da rana, kada ka yarda direba ya sa ka tafiyar dare.

Uwargida na gaida Hajiya, ta ce daddawa da kuka suna nan an ɗaure, mai zuwa kawai ake jira. Yara duka suna gaishe ku. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.

Naka amini,
Maƙwabcinka na Jos