Babana, kada ka jira gari ya waye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na zaɓi in rubuto maka ne domin na san halinka. In na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi, alhali hankalinka na kan masu ciniki. Takarda kuwa ko ka cusa ta a aljihu, za ka sake buɗewa.

Mahaifiyarka ta faɗa mini abin da mai ɗakinka ta gaya mata. Wai ranar Talata kana hawa bene a Kantin Kwari da bandir ɗin shadda a kafaɗa, sai ka tsaya ka dafe ƙirji, gumi ya karyo maka, ka zauna a matakala har ya lafa. Daga nan ka aiki yaro kemis ya sayo maka maganin olsa. Kada ka yi wa yarinyar nan faɗa don ta faɗa, ta kyauta.

Baffanka, Allah ya jiƙansa, kana makarantar kwana lokacin da ya rasu, ba a taɓa ba ka labarin daren ba. Bayan sallar isha'i ya ce mini ƙirjinsa kamar an ɗora masa turmi, kafaɗarsa ta hagu ta yi tsami har cikin hannu. Ni da bakina na ce masa tuwo ne ya tsaya masa. Aka jiƙa kanwa ya sha, ya yi amai, muka ce alhamdu lillahi, ai ga shi ya fita. Muka bar zuwa asibiti sai da safe. Kafin assalatu rai ya yi halinsa. Na yarda ajali ba ya saɓa lokaci, amma har gobe in na ji wani ya ce "a bari sai da safe" sai gabana ya faɗi.

Daga baya wani likita da muke sallah a masallaci ɗaya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Zuciya tsoka ce, ita ma jini take sha ta wasu ƴan jijiyoyi da suka kewaye ta. Kitse yakan yi ta taruwa a cikin jijiyar shekara da shekaru, kamar yadda shara ke cushe kwalbatin unguwarmu kafin damina. Ranar da wurin ya tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Tsokar da jini bai kai gare ta ba sai ta fara mutuwa, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Shi ya sa likitoci ke son a kai musu mutum cikin awa ɗaya ko biyu na farko, lokacin da buɗe hanyar ke ceto tsoka mai yawa.

Ciwon ba kullum yake zuwa da suka ba. Yawanci nauyi ne, ko matsi, ko zafi a tsakiyar ƙirji, ya bi hannu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu. Wani lokaci a saman ciki yake zama, nan ne ake rikita shi da olsa. Sai gumi mai sanyi ko da fanka na kaɗawa, da haki, da jiri, da tashin zuciya. In irin wannan ya kama ka, ka zauna ka huta amma ya wuce minti 5 bai sake ka ba, ko ya tafi ya dawo, to zance ya ƙare, asibiti ne a take, ko da ƙarfe 2 na dare ne.

Kada ka tuƙa mota da kanka. Ka sa maƙwabcin shago ya kai ka, in babu mota a tare adaidaita sahu. Daga Kwari asibitin Murtala ba nisa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Sashen gaggawa za ku nufa kai tsaye, kuma da shigarku ka ce ƙirjinka ne. Za su maƙala maka wayoyi su ɗauki ECG, wato gwajin bugun zuciya, aikin ƴan mintoci ne, su ɗebi jini su duba ko tsokar zuciya ta taɓu. Likitan ya ce mutum zai iya tauna asfirin mai miligiram 300 a hanya, sai fa wanda jikinsa ba ya karɓarta, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini. In an gama dubawa aka ce iska ce kawai, ka gode wa Allah ka koma kasuwa, ba abin kunya a ciki.

Ba na ce kowane ciwon ƙirji zuciya ba ne. Wanda za ka nuna da ɗan yatsa ɗaya, in ka danna ko ka juya ya ƙaru, galibi tsokar ƙirji ce ko haƙarƙari, musamman ga masu ɗaukar kaya irinku. Amma naka na ranar Talata shi ya hana ni barci: ya zo lokacin da kake wahala, ya tafi da ka huta. Haka jijiyar da ta ƙuntace take yin gargaɗi kafin ta toshe. Yaron kemis ba shi da na'urar da zai raba maka wannan da olsa.

Ka kuma sa ido a kan mahaifiyarka, ka gaya wa ƙannenka. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga irinta, abin kan zo musu ba ciwon ƙirji sosai, sai kasala mai tsanani da haki da gumi.

Shekararka 43. An gwada jininka an ga ya haura 140/90, ka sha magani wata biyu ka ajiye don ka ji sauƙi. Hawan jini ba a jin sa a jiki, Babana, kuma ga gado a gidanmu. Batun shishar da kuke sha a majalisa kuwa, kada ka ɗauka ban sani ba. Sai mun haɗu.

Ranar Litinin da ƙarfe 8 na safe in sha Allahu zan zo gidanka mu tafi asibiti tare. Ka bar wa yaronka makullin shago, ka taho da kwalin maganin da ka daina sha da na olsar da ka saya.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.