Wasiƙa zuwa ga Ummi kan zancen duniyoyi masu yawa

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Mu nan lafiya lau, mahaifiyarki tana gaishe ki. Saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi. Na ji muryarki na rawa da kika ce malaminku na fiziks ya gaya muku mai yiwuwa sararin da muke ciki ɗaya ne cikin wasu marasa adadi, kuma tun ranar barci ya ƙaurace miki. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya ba na iya tsara magana.

Ki fara da raba abin da aka auna da abin da ake hasashe. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari masu nisa suna ta ƙara nesa da mu, wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da rahoton wani ɗan ɗumi da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, ragowar zafin farkon halitta. Da irin wannan awo aka ƙiyasta shekarun sararin nan, kimanin biliyan 13.8. Waɗannan an auna su, an sake aunawa.

Zancen duniyoyi masu yawa daga lissafi ya fito. Wajen 1980 Alan Guth ya kawo ra'ayin cewa a farkon farawa sarari ya yi wata irin kumbura cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ra'ayin ya warware matsala ta gaske, wato dalilin da ya sa ɗumin nan yake kusan iri ɗaya gabas da yamma. Sai Vilenkin da Linde suka bi lissafin, suka ga kumburin ba ya tsayawa ko'ina lokaci guda. Ya lafa nan, ya ci gaba can. Ki tuna tukunyar talge a kan murhu, kumfa na tasowa nan da can. To, a wannan hasashen kowace kumfa sarari ce mai zaman kanta, mu kuma muna cikin ɗaya. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, amma tazarar da ke tsakanin kumfa da kumfa tana buɗewa yadda ba zai iya ƙetarewa ba. An nemi tabon karo da wata kumfar a cikin ɗumin nan, ba a sami abin kamawa ba. Shi ya sa masana irin su George Ellis na Afirka ta Kudu suke tambaya ko abin da ba a iya gwadawa ya cancanci sunan kimiyya.

Wannan tunani bai kamata ya firgita ki ba, 'yata, domin ba baƙo ba ne a wajen malamanmu. Fiye da shekara 800 da suka wuce, Fakhruddin Arrazi, yana bayani kan “Rabbil alamina”, ya ce Allah mai iko ne Ya halicci dubban duniyoyi bayan wannan tamu. Shi a kan iko yake magana, bai ce ya leƙa ya gani ba.

A nan nake so ki yi hattara. Za ki haɗu da masu cewa duniyoyin nan sun kawar da buƙatar Mahalicci, tunda cikin kumfa marasa iyaka dole wata ta dace da rayuwa. Ki tambaye su, tukunyar da wutar fa? Za ki kuma haɗu da masu saurin cewa aya ta riga ta tabbatar da lissafin Linde. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, don da kyakkyawar niyya suke yi. In gobe wani awo ya rushe lissafin, sun rataya ayar a kan reshen da ya karye ke nan.

Ranar da za ku sake haɗuwa da malamin, ki tambaye shi cikin ladabi wane awo ne zai iya ƙaryata wannan ra'ayi, ki rubuto mini amsarsa, ina son in ji. Kada kuma ki bar fiziks saboda wannan.

In kin zo hutu lokacin sanyi, za mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida in sake nuna miki Kaza da 'Ya'yanta kamar da. Hasken da za mu gani ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.